Me Ya Sa 'Yan Aikin Gida Ba Sa Bayyana a Takardun Bincike? Amsa ga Wata Ɗaliba a Birnin Kebbi

Wata ɗaliba da ke karatun digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewar al'umma ta aiko mini da tambaya daga Birnin Kebbi. Ta ce ta zaɓi rubuta kundinta a kan 'yan aikin gida, ta kuma raba takardun tambayoyi a Gesse da Badariya da Makerar Gandu, amma da takardun suka dawo sai ta tarar kusan kowane gida ya amsa cewa ba shi da 'yar aiki, alhali kuwa ita da idonta ta ga yara mata suna shara da wanke-wanke a yawancin gidajen da ta shiga. Abin da take son sani shi ne, ko mutanen ƙarya suka yi mata, ko kuwa batun ne bai kai a yi masa kundi ba, gara ta nemi wani tun da sauran lokaci.

Malama, kada ki sake batu. Abin da ya same ki ya sami kusan duk wanda ya taɓa shiga gidajenmu da takarda a hannu yana neman 'yan aiki, kuma a ganina amsar nan ta "babu" da kika tara ita ce sakamako na farko mai daraja da bincikenki ya haifar. Yawancin waɗanda suka amsa miki ba su yi ƙarya ba. Kin tambaye su da wata kalma da ba ita suke kiran abin da ita ba, suka ba ki amsa daidai da kalmar.

Shekarun baya ina cikin ayarin masu tattara bayanai a wani gari na masarautar Gwandu, na shiga wani gida da hantsi, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar dalbejiya, uwargida ta zauna tana lissafo mini mutanen gidan: maigida, ita, amarya, yara bakwai, da tsohuwa mahaifiyar maigida. Muna cikin haka sai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba ta fito daga madafi da goyo a bayanta, ta durƙusa ta ajiye mini ruwa a kwanon sha, na lura yatsunta duk sun yi fari sun tattare saboda daɗewa a ruwan wanke-wanke. Na ce, "Hajiya, wannan fa ba ki ambace ta ba." Ta ce, "Ai ba 'yar gidan nan ba ce, daga ƙauye aka kawo ta tana taya ni." Na ce a nan take kwana? Ta ce wannan damina ta biyu ke nan. Na ce to ashe 'yar aiki ce. Sai ta ɗan ɓata fuska ta ce, "Wace irin 'yar aiki kuma, Malama? Riƙonta nake yi, mu da iyayenta tun kaka da kakanni muke tare." Takardar da ke hannuna tana da gurbin 'yan gida, tana da gurbin ma'aikata, yarinyar kuwa an fitar da ita daga na farko da amsa ɗaya, an fitar da ita daga na biyu da wata amsar, ga ta kuma a gabana tana jijjiga goyo. Tun daga ranar na daina yarda da duk wata takardar tambayoyi da ke farawa da "kuna da 'yar aiki?"

Dalili shi ne, Bahaushe ba shi da kalma ɗaya da ta tattara duk masu yi wa wani gida hidima. Akwai 'yar aiki da ake biya a wata, wadda take kwana a gidan ko take zuwa ta koma. Akwai mai aikatau, galibi babbar mace, bazawara ko wadda mijinta ya rasu ko ya gaza, wadda ke zagaya gidaje tana surfe da daka da wankau a biya ta nan take, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da dusa ko tsaba. Akwai 'yar riƙo, akwai mai reno, akwai almajirin gida da ke ɗebo ruwa da zubar da shara da zuwa aike a saka masa da tuwon dare da tsofaffin tufafi, akwai yaron gida da ya girma a hannun maigida har aka yi masa aure, sannan ga mai wanki da guga da mai gadi da direba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana ɗauke da nasa matsayi, da nasa haƙƙi, da abin da ake jin kunyar faɗi a kansa. Matar da za ta ji nauyin cewa tana da 'yar aiki, don kada a ce ta raina 'yar mutane ko a ce ta cika son jiki, ba za ta ji komai ba idan ta ce tana riƙon ɗiyar wata 'yar'uwa.

Matsala ta biyu tana cikin kalmar "gida" kanta. Gidan Bahaushe yana iya ƙunsar sassa uku ko huɗu, kowane sashe da tukunyarsa, ko kuma a ce gandu ɗaya ne ana ci tare, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na tattalin arzikin garuruwan Hausawan Zazzau da aka buga a 1955. Saboda wannan ne manyan ƙididdigogi na ƙasa, irin binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, da wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF a kan halin mata da yara, suke ɗaukar iyali a matsayin mutanen da ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. Masu tsara waɗannan takardu sun san da ramin da kika faɗa, shi ya sa bayan an gama lissafa mutanen gida ake sake tambaya ko akwai wasu da ba dangi ba, kamar masu hidima ko 'yan haya ko abokai, da ke zaune a gidan. Duk da haka yarinyar da na ba ki labarinta, in ma an rubuta ta, za ta shiga ne a layin "sauran dangi" ko "ɗan riƙo", ba za a taɓa gane ita ce ke tashi kafin kowa ta hura wuta ba. Ki ƙara da cewa sau da yawa maigida ne ke amsa tambayoyin a zaure, shi kuwa bai san nawa ake biyan yarinyar ba, wani ma bai san sunanta na yanka ba, domin sha'anin cikin gida ne na mata.

Wannan ɓoyuwa tsohon zance ne a nazarin ƙasar Hausa, kuma zai yi miki amfani ki san waɗanda suka riga ki fama da ita. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, wato hada-hadar hatsi da abinci da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, wadda duk mai tsayawa a kasuwa yana ƙirga 'yan tebur ba zai taɓa gani ba. Enid Schildkrout kuma ta yi aiki a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matan kulle: su ke kai talla, su ke sayo cefane, su ke kai saƙo gida-gida, kuma ribar tallar yarinya ita ke zama kayan ɗakinta. Ta kuma lura cewa shigar yara makarantar boko, wadda ta ƙaru da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, tana taɓa sana'ar iyayensu mata kai tsaye. Daga baya Elsbeth Robson ta bi sawun irin wannan tambaya a ƙauyen Zarewa na Jihar Kano, tana auna yadda yara ke kashe yininsu.

A nan ne nake ganin bakin zaren kundinki yake. Aikin da yara ke yi a gidan Bahaushe bai ragu ba don an buɗe makarantu. Idan ɗiyar gida ta sa kayan makaranta ta fita da safe, ta dawo ta wuce islamiyya da la'asar, uwarta kuma malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya ko mai sana'a, to tsintsiya da tukunya da goyo suna nan suna jiran hannu, kuma hannun da ke ɗaukarsu galibi na ɗiyar wani ne daga ƙauye. Ilimin wata yarinya yana tsayuwa a kan rashin ilimin wata. Wannan hasashe ne nawa da na gina a kan abin da na gani, aikinki ne ki gwada shi a Birnin Kebbi ki ga ko ya tsaya ko ya faɗi, amma tambaya ce da ta fi "gidaje nawa ke da 'yar aiki" nauyi nesa ba kusa ba.

Sai dai ina jan kunnenki da kada ki ɗauki riƙo gaba ɗaya ki jefa shi cikin kwandon zalunci, kamar yadda wasu rahotanni na ƙungiyoyin waje ke yi. Riƙo tsohuwar hanya ce ta ƙulla zumunci da raba nauyi da share hawayen wadda ba ta samu haihuwa ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙi yara ta aurar da su, kuma labarinta cike yake da yadda ake ba da ɗa ga goggo ko kaka. Esther Goody ta nuna a nazarinta na arewacin Ghana cewa a Afirka ta Yamma haihuwa da reno da tarbiyya da koyar da sana'a ba dole ne su taru a hannun mutum ɗaya ba. Da yawa daga cikinmu da muka yi karatu, a gidan wani kawu ko wata inna muka yi shi, muna shara muna wanke-wanke, kuma ba mu ɗauki kanmu barori ba. Abin da ya rage ga mai bincike shi ne ya samo ma'aunin da zai raba riƙon zumunci da aikin da aka lulluɓe da sunan riƙo, kuma ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne kwatanta yarinyar da sa'arta da aka haifa a gidan. Makaranta ɗaya suke zuwa, ko ita tana gida? Kwano ɗaya suke ci, ko sai an gama take kankare ƙanzo? A ina take kwana, kuma da me take rufa lokacin hunturu? Idan zazzaɓi ya kama ta asibiti ake kai ta, ko kemis ake aikawa a sayo mata ƙwaya biyu? Da salla an ɗinka musu iri ɗaya? Wa zai yi mata kayan ɗaki? Sannan, wanda ya fi duka, akwai kuɗin da ke fita daga gidan zuwa wani hannu saboda zamanta? Amsoshin waɗannan za su faɗa miki matsayinta ba tare da kin tilasta wa kowa furta kalmar da yake ƙi ba.

Ta fuskar tarihi, babi ɗaya ya ishe ki, amma kada ki tsallake shi. Kafin zuwan Turawa, a daular Usmaniyya, har da ɓangaren Gwandu, bayi da kuyangi ne ke ɗauke da kaso mai yawa na daka da ɗebo ruwa da itace a gidajen masu hali. Dokar da gwamnatin Lugard ta kafa ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya ba sai 1936, kuma Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun bi diddigin wannan doguwar mutuwa ta bauta a littafinsu na 1993. Barbara Cooper ta nuna a nazarinta na Maraɗi yadda aikin da bayi mata ke yi ya koma kan matan aure da ƙananan mata a cikin gida bayan bauta ta kau. A gefe guda kuma Turawan mulki suka shigo da nasu tsarin na ɗaukar maza aiki da albashi, wanda ya bar mana kalmomin boyi da kuku. Ba ina cewa aikatau bauta ne ba, kuma kada ki rubuta haka. Ina cewa ne ƙyamar da ake yi wa sunan, da yadda ake ganin aikin ba ya bukatar a yanka masa lada, suna da saiwa, kuma fayilolin lardin Sakkwato da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da abin da ke Gidan Arewa, za su taimake ki ki tono ta.

Alƙaluman duniya kuwa ki yi amfani da su a gabatarwa ki wuce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa akwai masu aikin gida miliyan 75.6 a duniya, kashi 76.2 cikin ɗari mata ne, miliyan 9.6 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari suna aiki ne ba tare da wata kariya ta hukuma ba. Ƙiyasinta na 2012 ya ce yara miliyan 17.2 ne ke aiki a gidajen da ba na iyayensu ba. A nan gida, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sami kashi 39.2 cikin ɗari na yara 'yan shekara 5 zuwa 17 suna cikin aikin da bai dace da shekarunsu ba, sai dai wannan adadi ya haɗa gona da kiwo da talla da komai. Ki tuna cewa irin waɗannan alƙaluma daga takardun ƙidayar gidaje ake tace su, wato daga irin takardar da ta kasa ganin yarinyar nan mai goyo, don haka a wurare irin namu sun fi kusa da ragi a kan ƙari.

Abin da ya fi alƙaluman amfani gare ki shi ne Yarjejeniya ta 189 da ƙungiyar ta zartar ranar 16 ga Yuni 2011, ta fara aiki a 2013. Ta fassara aikin gida da cewa aiki ne da ake yi a cikin wani gida ko domin wani gida, ta kuma tanadi a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa, a biya shi aƙalla sau ɗaya a wata, a ba shi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Afirka ta Kudu ta amince da ita a 2013, Najeriya kuwa ba ta cikin ƙasashen da suka yi haka a shekaru goma na farkon yarjejeniyar. Dokar Ƙwadago tamu, wadda aka gada tun shekarun 1970, ta ambaci mai hidimar gida a sashe na 91, har ta haɗa da direban motar gida, amma a sashe na 65 ta bar wa minista ikon tsara ƙa'idojin aikin. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 30,000 a 2019 da naira 70,000 a 2024, ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kin ga kuwa babu gidan da zai shiga. A kan yara doka ta fi fitowa fili: sashe na 28 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsa, dokar hana fataucin mutane ta 2015 da hukumar NAPTIP ke aiwatarwa ta sa ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, Jihar Kebbi kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022. Ki nemi kwafin ta jihar ki karanta da kanki. Ki kuma lura da kalmar "danginsa" a dokar 2003, domin ta wannan ƙofa ce "riƙonta nake yi" ke shigewa.

Akwai wani ma'auni da masu bincikenmu ke yawan mantawa da shi, alhali shi ne wanda matan da za ki yi hira da su suka fi girmamawa, wato hukuncin ijara, ɗaukar mutum aiki da lada, a fiƙihun Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Gwandu har Yawuri, ta ce ijara ta halatta idan an yanka mata wa'adi an kuma ambaci lada. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari ya umarci a ciyar da mai hidima daga abin da ake ci, a tufatar da shi daga abin da ake sawa, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora masa kuwa a taya shi. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Idan kika tambayi uwargida ko an yanka wa yarinyar lada da wa'adi tun farko, kin yi mata tambayar da ta san nauyinta a addininta, kuma za ta ba ki amsa da natsuwar da ba za ta ba ki ba in kika fara da Yarjejeniya ta 189.

Yanzu ga yadda nake ba ki shawara ki sake tsara aikin. Ki bar tambayar suna, ki bi aiki. A kowane gida ki tambayi wanda ya kwana a nan daren jiya, da wanda ya ci daga tukunyar jiya, sannan ki bi ayyukan jiya ɗaya bayan ɗaya: wa ya hura wuta, wa ya share tsakar gida, wa ya kai niƙa, wa ya ɗebo ruwa, wa ya yi wa yara wanka, wa ya wanke tukwanen dare. Kada ki tambayi awa nawa, don ba da agogo ake aikin gida ba. Ki raba yinin da lokutan salla, daga asuba zuwa hantsi, hantsi zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, har bayan lisha, za ki ga kowa yana tuna abin da ya yi daidai. Sunan da ya yi ta maimaituwa a jerin ayyuka amma bai fito a jerin 'ya'yan gida ba, ita ce wadda kike nema.

Daga nan sai ki bi kuɗin, domin a nan ne za ki ga tsarin da ke ƙarƙashin abin. A wani bincike na san wata dattijuwa da ke kawo yara daga ƙauyukansu zuwa gari. Duk ƙarshen wata takan zagaya gidajen da ta sa yara, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki a gaisa, a kawo mata fura, a miƙo mata kuɗin ta ƙirga ta ƙulle a haɓar zane, ba ta rubuta komai amma ba ta taɓa rikita na wata da na wata ba. Takan cire la'adarta da kuɗin mota, ranar kasuwar ƙauyen ta kai wa iyaye mata sauran, su kuma su zuba adashi ko su sayi kwanoni da tasoshi a tara a ƙarƙashin gado. Da na tambayi ɗaya daga cikin yaran nawa ake biyanta, sai ta ce, "Inna ce ta sani." Dattijuwar ba ta ɗauki kanta mai laifi ba, a wurinta taimako take yi, kuma ita ce ake kira idan an doki yarinya ko ta yi rashin lafiya, wani lokaci har ta ɗauke ta ta sake mata gida. Kundin da bai yi hira da irin waɗannan mata ba ya bar ginshiƙin ginin a waje.

Haka kuma dole ki je inda yaran suka fito, ko da ƙauyuka biyu ne ko uku, ki zauna da iyaye mata ki ji lissafinsu: bakin da aka rage a tukunya, kayan ɗakin da ba yadda za a yi a aurar da yarinya babu su, da fatan ta waye ta koyi girkin birni. Kebbi tana da nata yanayi da ya kamata ya fito a aikinki. Jihar tana iyaka da Nijar da Benin, ana shiga da fita ta Kamba da Kangiwa da yankin Bagudo, don haka za ki iya haɗuwa da yarinyar da Zabarmanci ko Dandanci ne harshenta, ko wadda ta fito daga ƙasar Zuru ko Yawuri da wani harshen, kuma kina bukatar mace mai yi miki tafinta wadda ba ta da alaƙa da gidan. Rashin tsaro a yankin Danko-Wasagu da Sakaba da maƙwabciyarmu Zamfara ya tura mata da yara da yawa cikin garuruwa, kuma macen da ta baro gonarta da dabbobinta ba ta da ƙarfin yin ciniki a kan ladan wankau, abin da aka ba ta shi za ta karɓa. Ki kuma kula da lokaci, domin ƙirgar da aka yi da rani ba za ta yi daidai da ta damina ko ta lokacin yankan shinkafa a fadamun Argungu da Suru ba, sa'ad da ake kiran wasu yaran gida, ga kuma masu tafiya salla da ba sa dawowa saboda an sa musu rana.

Maganar da ta fi damuna na bar ta zuwa nan. Hira da yarinyar da ke aiki a gidan wani tana iya jawo mata abin da ke ba za ki kasance a wurin ki gani ba. Na taɓa yin wannan kuskure: na zauna da wata yarinya a bakin murhu ina yi mata tambayoyi, uwar ɗakinta tana kaiwa da komowa a tsakar gida, ni kuwa ina ganin ai ba wani abu muke faɗi ba. Da na koma bayan mako guda aka ce an mayar da ita ƙauye, wai tana kwashe sirrin gida tana faɗa wa baƙi. Har yau ina tuna fuskarta, kuma ladan watannin da ta rasa ni ce sanadinsa. Saboda haka kada ki yi hira da yarinya a gidan da take aiki. Ki same ta a islamiyyar dare, ko wurin niƙa, ko bakin famfo, ko a ƙauyensu lokacin da ta je ganin gida, kuma ki bari wata ta haɗa ki da wata. Izinin uwar ɗaki ba ya zama izinin iyaye, izinin iyaye kuma ba ya ɗauke bukatar yardar yarinyar kanta, wadda dole ta san tana iya cewa a'a ba abin da zai same ta. Kada ki ɗauki hoto, kada ki sa komai a Facebook ko WhatsApp, ki sauya sunaye da unguwanni a kundin, ki adana muryoyin da kika naɗa yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada. Kafin ki fita kuma, ki gabatar da tsarinki ga kwamitin ladubban bincike na jami'arku, ki zauna da malamin da ke duba aikinki ku yanke abin da za ki yi idan kika tarar da tabon duka ko alamar an ci zarafin yarinya: wa za ki fara gaya wa, jami'ar walwala ta Ma'aikatar Harkokin Mata, ko NAPTIP, ko mai unguwa, kuma ina yarinyar za ta kwana a daren. Ba a tsakiyar hira ake fara wannan tunani ba.

Su ma iyayen ɗakin ki saurare su da adalci. Za ki ji ƙorafin sata da ƙazanta da tafiya ba sallama, za ki kuma ga waɗanda suka sa yaran a makaranta suka yi musu aure kamar 'ya'yan cikinsu. Yawancinsu mata ne da aiki ya yi wa yawa, babu gidan reno mai araha, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, maigida kuma ba ya ɗaga ko tsinke. Mu kanmu masu binciken da yawanmu akwai irin waɗannan yara a gidajenmu, har da lokacin da muke zaune muna rubutu a kansu, kuma ya kamata ki faɗi matsayinki a kan wannan a babin hanyoyin bincike, domin yana shafar irin tambayoyin da za su zo miki da waɗanda za ki ji nauyin yi.

Digiri na biyu ba ya ɗaukar komai da komai, don haka ki zaɓi rukuni ɗaya, ko yara mata masu kwana a gidan aiki, ko manyan mata masu aikatau, ki bar almajiran gida da masu gadi ga wani. Takardun da kika riga kika tara kuma kada ki zubar. Ki koma gidaje talatin ko arba'in daga cikin waɗanda suka ce "babu", ki sake shiga da jerin kwana da tukunya da ayyukan jiya, sannan ki jera amsar farko kusa da ta biyu, gida bayan gida, ki rubuta kalmar da kowace uwargida ta kira yarinyar da ita. Wannan jeri shi zai zama babinki na huɗu, kuma da shi za ki je wurin malaminki ku tsara hirarrakin da za su biyo baya.